Malam Bato da Sunayen Matattun Tsibirai

Wanda ya ba da rai ya karɓi abinsa, kuma dukkanmu wannan hanyar za mu bi. Da hantsin ranar Talata, 6 ga watan Mayu, 2025, Allah ya yi wa Malam Bartholomew Yashim rasuwa a wani asibiti da ke kusa da gidansa a Upper Marlboro, jihar Maryland, bayan ya shekara uku yana fama da ciwon ƙoda. Ya rasu yana da shekara sittin da takwas. Ya bar matarsa Martina, da 'yarsu Nanret, da jikoki biyu. Mu da muka san shi tun ƙuruciya Bato muke ce masa, kuma da wannan sunan zan kira shi a nan.

Ina ofis a Beltsville Martina ta kira ni. Ba ta yi kuka a wayar ba. Cewa kawai ta yi, "Baban Sharifa, abokinka ya tafi." Na ajiye wayar, na zauna ina kallon zanen wata gada da ke kan teburina, na kasa tuna abin da nake aunawa a jikinsa.

Bato, yau kwana ashirin da rasuwarka, kuma sau huɗu ina fara wannan rubutu ina yagawa. Na so in yi maka ta'aziyya irin wadda aka saba, in jero alheranka, in yi addu'a, in ajiye alƙalami. Amma abin da aka yi maka kana raye, da abin da aka so a yi maka ba ka kwana uku a kabari ba, sun hana ni. In na rubuta yabo kaɗai na rufe sauran, to na sake shiga sahun waɗanda suka cuce ka, kuma na riga na daɗe a wannan sahun.

A Leningrad muka haɗu, cikin sanyin 1979. Ni ɗan Kano ne da aka turo karatun injiniya, ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firji. Kai kuma ɗan wani ƙauye ne kusa da Zonkwa, kana shekara ta biyu a sashen tarihi. Ka gan ni a tashar bas ina rawar ɗari cikin wata 'yar riga da na saya a Kantin Kwari, ka ji ina salati, sai ka matso ka ce da Hausa, "Malam, wannan rigar kashe ka za ta yi." Ka cire babban kwat ɗinka ka ba ni, ka ce kana da wani a ɗaki. Sai da aka yi wata guda na gano ba ka da shi, riguna uku kake haɗawa ka fita. Kai Kirista, amma kai ka nemo mini wani mahauci Musulmi ɗan ƙabilar Tatar da ke sayar da naman yanka kusa da masallacin birnin. In zan yi salla a ɗakin kwanan ɗalibai, kai kake zama a bakin ƙofa da littafinka don kada wani ya banko ya wuce ta gabana. Ba ka taɓa tuna mini da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

A can ne aikin rayuwarka ya same ka, kuma dole in bayyana shi ga wanda bai sani ba.

A watan Oktoba na 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, Jamusawa suka shirya ƙwace wasu tsibirai uku na tekun Baltik daga hannun Rasha: Sarema, Muhu da Hiyuma, waɗanda a yau suke cikin ƙasar Estoniya. Duk wanda ya riƙe tsibiran nan ya riƙe ƙofar mashigin tekun birnin Riga, ya kuma matsa kusa da babban birnin Rasha ta ruwa. Suka loda sojoji sama da dubu ashirin a jiragen ruwa, da dawakai da bindigogi har da kekuna, suka sauke su a gaɓar Sarema ranar sha biyu ga wata. Cikin kwana tara sun gama da tsibiran uku, sun kama fursunoni dubbai. Har yau masu nazarin yaƙi suna yabon wannan hari, suna cewa aiki ne mai tsafta, sojan ƙasa da na ruwa suka haɗa hannu ba tare da tangarɗa ba.

Kai ba tsaftar ka gani ba. Wata rana da la'asar ka same ni a kicin ɗin ɗalibai ina dafa shinkafa, ka fito da takarda daga aljihu. Ka ce a ɗakin ajiyar tsofaffin takardu ka samu wani ƙunshin wasiƙun sojojin Rasha da jami'an tace wasiƙu suka riƙe, ba a taɓa aika su ba. Ka kwafo ɗaya da hannu. Wani manomi ne mai suna Timofe Lukin ya sa aka rubuta wa matarsa Darya, makonni kaɗan kafin Jamusawa su sauka. Ka karanta mini kana juyawa zuwa Hausa:

"An kawo mu wani wuri da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Ban iya faɗin sunansa ba. Takalmina ya huje, kuma ba wanda ya gaya mana me muke tsaro. Kada ki sayar da saniyar kafin in dawo. In an zo an ce miki na mutu, ki tambaye su a ina, ki sa su rubuta miki."

Da ka gama sai ka naɗe takardar. Sannan ka ba ni labarin kakanka, wanda Turawa suka ɗauka ɗan dako a wannan shekarar dai, tare da wasu mazan ƙauyenku. Aka kai su Ikko, aka sa su a jirgin ruwa zuwa gabashin Afirka. Bai taɓa ganin teku ba sai ranar. Bai dawo ba, ba takarda, ba kabari, kakarka kuwa tana da cikin mahaifinka. Ta tsufa ta rasu ba wanda ya gaya mata a ina. Ka ce mini, "Injiniya, wannan Timofe kakana ne, sai dai shi ya samu wanda ya rubuta masa."

Daga ranar ka ɗauki alkawarin da ba wanda ya ɗora maka. Ka ce sai ka nemo sunan duk wanda ya mutu a kwanakin nan tara, Barashe ne ko Bajamushe ko ɗan tsibirin da aka harbe a gonarsa, ka rubuta daga ina yake, a ina ya faɗi, wa ya bari. Ka ƙara koyon Jamusanci saboda wannan. Da muka sake haɗuwa a Amurka a 1993, da rana kana tuƙa tasi a Washington, ranar Asabar kana ɗakin karatu. Daga baya ka samu aikin fassara, amma ba ka canja hali ba. A 2001 ka tafi Sarema da ƙafarka. Ka dawo kana dariya kana ba mu labarin yadda tsofaffin mata suke leƙenka ta taga, har wani fasto ya ji abin da ya kawo ka, ya buɗe maka littattafan majami'arsa. A wannan tafiyar ka gano inda Timofe ya ƙare: a kan gadar dutse da ta haɗa Sarema da Muhu, lokacin da sojojin Rasha suke turmutsitsin tsallakewa. Zuwa shekarar da ka fara ciwo, kana da sunaye dubu ɗaya da ɗari uku da wani abu, da taswirori da ka zana da hannunka, duk a cikin kwalaye goma sha ɗaya a ɗakin ƙasa na gidanka.

Wannan ɗakin ƙasa, mutum nawa ya rufa wa asiri? Ɗalibi ya rasa ɗaki, gidan Bato. Nas ta iso daga Jos kafin takardunta na aiki su fito, gidan Bato. Ba ka tambayar mutum addininsa, Martina kuwa ba ta tambayar yaushe zai tafi. A bayan gida ka shuka yakuwa da gauta da barkono, duk kaka sai ka bi gidajenmu da leda kana rabawa, kana yi mana tsiya wai mun zama Amurkawa ba mu san ƙasa ba. Lokacin da aka yi wa matata Mairo aiki a 2008, kullum da azahar kana asibiti da kwanon faten acca da Martina ta dafa, har nas-nas ɗin suka ɗauka yayanta ne kai.

Ta wannan ƙofar mai buɗe ne ɓarawo ya shiga, kuma ni na riƙo hannunsa.

A 2012 na haɗu da Matthew Bot a wani taron 'yan Najeriya. Mutum ne mai shekara talatin da biyar a lokacin, mai ladabi, mai daɗin baki, yana digirin digirgir a fannin tsaro, an kuma ba shi wa'adin barin ɗakin da yake haya. Na ga ɗan Filato ne kamar Martina, sai na kawo shi gidanka. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ku. Shekara biyu da rabi ya yi a ɗakin ƙasa, gadonsa na jingine da kwalayenka. Yana ce maka Baba, yana ce wa Martina Mama. Ka yi murna ka samu mai sauraro, domin mu duka mun gaji da jin labarin tsibirai, ni ma har da ni. Ka buɗe masa komai. Ka ba shi fassarorin rahotannin Jamus da na Rasha da ka yi shekara talatin kana yi, ka ba shi taswirorin, ka ba shi daftarin littafinka ya karanta ya gaya maka ra'ayinsa. Da ya kammala ya samu aiki a wani kamfani mai sayar wa rundunonin soja shawara, sai ziyara ta koma waya, waya ta koma saƙo ranar Kirsimeti.

A watan Satumba na 2019 katin gayyata ya zo. Dakta Matthew Bot zai ƙaddamar da littafinsa a wani otal a arewa maso yammacin Washington. Katin bai faɗi abin da littafin ya ƙunsa ba. Ka yi farin ciki kamar ɗanka na cikinka. Ka sa kwat ɗinka na zuwa coci, muka hau jirgin ƙasa na Metro tare.

Da muka shiga zauren sai muka tarar da wani dogon tebur a tsakiya, an shimfiɗa taswira a kai. Tun daga nesa na gane ta. Taswirarka ce ta gaɓar Sarema, an buga ta da girma, an yi mata launi. An jera ƙananan jiragen katako a kanta, wasu mutane cikin kwat, wasu da kakin soja, suna tura su da sanda, ɗaya hannun riƙe da kofin giya ko tsinken jatan lande. Suna dariya, suna ambaton wasu tsibirai na wasu tekuna, tsibiran da a yau ɗin nan akwai mutane a kansu suna shanya kifi suna kai yara makaranta. Littafin yana jibge a gefe. Jagora ne ga mai son ƙwace tsibiri cikin kwanaki, an ɗauki harin 1917 a matsayin abin koyi. Na buɗe, na ga jimlolinka da na sha ji a bakinka, na ga fassarorinka. Sunayen matattu ne kawai babu, ko ɗaya. A ƙarshen shafin godiya, bayan shugabannin kamfani da wata mai gyaran rubutu, an gode wa "wani dattijo da ya taimaka da fassara."

Sannan Matthew ya hau mumbari. Ya yi magana mai kyau, ban hana masa wannan ba. Can a tsakiya ya haska wani rubutu a bango, ya ce ga yadda kwamanda zai gane abokin gaba ya riga ya karaya tun kafin a harba harsashi. Wasiƙar Timofe ce. Ya yanke ta, ya bar layi biyu: ban iya faɗin sunan wurin ba, takalmina ya huje. Ya karanta da wata murya ta ba'a, zauren ya fashe da dariya. Wani mai furfura kusa da ni har da share ido.

Da ya gama aka yi tafi, kuma na tafa, Bato. Hannuwana suka bi na kowa. Kana gefena, hannuwanka a kan gwiwa. Na gaya wa kaina ladabin taro ne. Ba ladabi ba ne, tsoron a ga na bambanta ne, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in wanke hannun da toka.

Bayan an tashi ya zo da fara'a, ya rungume ka, ya gabatar da kai ga wani Bature a matsayin dattijon da ya taya shi da ɗan Rashanci. Ka jira Baturen ya wuce, sannan ka ce a hankali:

"Matthew, ina saniyar?"

"Wace saniya, Baba?"

"Ta cikin wasiƙar. Da matar."

Ya yi murmushi ya dafa kafaɗarka. "Baba, waɗannan mutanen dabara suke nema. Wancan ɓangaren ba zai amfane su ba."

A jirgin komawa, da muka wuce tasha shida, sai ka fitar da hankici ka tofa, ka ce bakinka ɗaci yake yi. Na ce maka akwai lauyoyi, ga daftarinka da kwanan wata, ga shaidu. Ka girgiza kai.

"In na kai shi kotu, a kan wa ya fara rubutawa za a yi shari'a," ka ce. "Ba wannan ne ya dame ni ba, Injiniya. Na shekara arba'in ina tono mutane ɗaya bayan ɗaya. Shi ya zo ya mayar da su rami, yana koya wa wasu yadda za su haƙa sabo."

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Bayan shekara biyu ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna wannan yanki ta ba Matthew lambar yabo. Ina cikin kwamitin da ya zaɓe shi. Mu bakwai ne, kuma aƙalla huɗu sun san abin da ya faru, domin ni da bakina na gaya musu. Aka ce ɗanmu ne ya yi suna, ana ganinsa a talabijin, bai kamata mu tona wa kanmu asiri a ƙasar mutane ba. Wani ya ce ai Malam Bato ɗin ma bai yi ƙorafi ba. Biyu daga cikin masu wannan magana sun taɓa kwana a ɗakinka na ƙasa. Aka ce a ɗaga hannu, ban ɗaga ba, ban kuma ce a'a ba. Na dawo gida ina yaba wa kaina wai na ƙaurace. Tir da irin wannan ƙauracewa.

Ka san duk wannan, kuma ba ka taɓa yi mini gori ba. Da ciwo ya kama ka aka fara yi maka wankin ƙoda sau uku a mako, ranar Alhamis ni nake kai ka. Kana kwance, jininka na zagayawa cikin na'ura, kana riƙe da fensir kana gyara rubutun sunayen ƙauyukan Estoniya. Wani lokaci in ka gaji, sai ka miƙo mini takardar ka ce in karanta maka, kana dariyar yadda Rashancina ya yi tsatsa. Shekara uku aka yi haka. Daga ofishin Matthew zuwa gidanka bai kai tafiyar awa ɗaya ba. Bai zo ba ko sau ɗaya.

Amma ya zo taron addu'ar da aka yi maka a zauren majami'arku ranar Juma'a da yamma. Ya iso a makare, da mai ɗaukar hoto a bayansa, aka tashi wata tsohuwa daga kujerar gaba aka ba shi. Da aka miƙa masa makirufo ya kira ka ubansa, ya kira ka malaminsa, muryarsa ta karye daidai inda ya kamata ta karye. Sannan ya sanar cewa kamfaninsu zai karɓi dukkan takardun marigayi ya buɗe ma'ajiya da sunansa. Bai tambayi Martina ba, a nan ta fara ji kamar kowa. Zauren ya yi tafi. Na kalli fuskokin da na sani shekara talatin, na fita waje na tsaya kusa da motoci har aka rufe taro.

An binne ka ranar Asabar. Ranar Litinin da azahar muna falonka, ni da Mairo da Martina da Nanret, sai ga farar mota mai ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofa. Matthew ne da mutum biyu masu ɗaukar kaya. Ya bar su a waje, ya shigo ya durƙusa.

"Mama, ya haƙuri? Na ce bari in rage miki nauyi, kada kwalayen nan su lalace a ƙasa."

Martina ta shekara talatin tana aikin jinya, ta saba da ganin mutane iri-iri ba tare da fuskarta ta nuna ba. Ta sa Nanret ta kawo masa ruwa, ta jira ya sha. Sannan ta ce:

"Matthew, shekara biyu da rabi ka yi a gidan nan. Tambaya ɗaya zan yi maka. Mutumin nan mai takalmin da ya huje, wanda ka sa wasiƙarsa a littafinka, yaya sunansa?"

Ya ɗan yi dariya. "Mama, ai sunayen Rashawa da wuyar riƙewa."

"To faɗi na wani. Bajamushe ko ɗan tsibiri. Akwai fiye da dubu a ƙasa, kusa da inda ka kwana. Ɗaya kawai."

Ya duba ƙasa, ya duba ni. Ya fara cewa jiragen da suka sauke sojoji a ranar farko adadinsu kaza ne, sai ta ɗaga masa hannu.

"Ni ban je Rasha ba, ban yi digirgir ba. Timofe Lukin sunansa. Matarsa Darya. Na san su kamar maƙwabtana, domin da su na yi zaman aure. Abin da ka ɗauka ka riga ka ɗauka, kai da Allah. Amma takarda ɗaya ba za ta sake fita daga gidan nan ta hannunka ba."

"Mama, na riga na sanar a gaban jama'a."

"Sai ka koma ka sanar da su na hana."

Ya juyo gare ni, domin ya san ni da shiru. "Alhaji, ka sa baki mana. Don sunan Baba nake yi."

Na daɗe ina jiran in ji me zan ce in irin wannan rana ta zo, kuma abin da ya fito bai kai abin da ka cancanta ba. Na ce, "Matthew, ni na kawo ka gidan nan, ni zan raka ka ƙofa. Tashi." Nanret ta riga ta buɗe ƙofar, ta faɗa masa wata magana da Turanci wadda ba zan maimaita a ta'aziyya ba. Na bi shi har bakin mota, na tsaya sai da suka juya suka bar layin.

Ba na so mai karatu ya ɗauka an yi wata nasara. Littafin yana nan ana sayarwa, ana koyar da shi. Lambar yabon tana rataye a ofishinsa. Tuni wasu suka fara cewa baƙin ciki ne ya sa Martina ta yi wa yaron mutane wulaƙanci, kuma na ji an ce ni na zuga ta. Na rubuta wa ƙungiya takardar barin kwamiti, na faɗi dalili dalla-dalla, sakatare ya amsa da cewa sun gode da hidimata.

Abin da ya rage a hannunmu kaɗan ne. Nanret ta rubuta wa wani ɗan ƙaramin gidan tarihi a Sarema, sun amsa cewa suna so, za su ajiye sunayen inda jikokin mutanen za su iya zuwa su duba. Kwalaye tara ka kammala. Biyu suna nan da rubutun Rashanci na hannu da ba ka kai ga juyawa ba, kuma duk cikinmu ni kaɗai na taɓa koyon harshen. Asabar ɗin da ta wuce na sauka ɗakin ƙasa da ƙamus da tabarau, na wuni, na fitar da mutum huɗu. Shekarata sittin da bakwai. Ban sani ba ko zan gama, amma duk Asabar Martina za ta ji ƙarar motata.

Bato, ka yafe mini. Na san da kana nan za ka ce in bar wannan magana in zo mu ci abinci, amma wannan karon ba zan bari ba.

Ya Allah, kai ka halicce shi, kai ka san abin da ya aikata a fili da ɓoye fiye da yadda muka sani. Ka dube shi da rahama, ka yafe masa kurakuransa, ka saka masa da alherin da ya yi wa baƙi da marasa lafiya da matattun da ba danginsa ba. Ka sanyaya masa makwanci.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Mairo da Sharifa, ga Martina, Allah ya ba ki haƙuri da lafiya, ya tsaya miki kamar yadda kika tsaya masa. Ga Nanret da mijinta da yaransu, Allah ya raya ku a kan halin mahaifinku. Ga dangin Yashim na gida Zonkwa da Kaduna, da 'yan majami'arsa a Upper Marlboro, da duk wanda ya taɓa kwana a ƙarƙashin rufinsa, Allah ya ba da juriyar wannan rashi.

Mu kuma da muka rage, Allah ya ba mu kunya tun muna da sauran numfashi.

Injiniya Maitama Kamal
Beltsville, Maryland
26 ga Mayu, 2025